Alƙaluman cuta sun yi yawa a ƙaramar hukumarmu: mu tashi ko mu zauna?

"Assalamu alaikum Likita. Shekararmu biyu a wata ƙaramar hukuma da ke gabashin Landan, ni da maigidana da yara uku. Kwanan baya na shiga shafin majalisar ƙaramar hukumar ina nema wa autana makarantar reno, sai na ci karo da rahoton lafiya na shekara. Na ga an sa mana jan launi a tarin fuka, wai namu ya ninka na ƙasa baki ɗaya sau uku ko fiye, an kuma ce yaran da aka yi wa allurar ƙyanda ba su kai yadda ake so ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ko a bas wani ya yi tari sai gabana ya faɗi. Na ce wa maigida mu nemi gida a wani wuri, ya ce kuɗin haya ba zai bar mu ba. Don Allah ta ina ake samo waɗannan alƙaluma, gaskiya ne kuwa? Kuma me hukuma take yi a kai, ko rubutawa kawai take yi ta ajiye?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya yaran, ya kwantar miki da hankali. Na ji daɗi da kika tsaya kika karanta rahoton, domin don irinku ake rubuta shi. Idan na fahimce ki, tambayar da ke ƙasan duka tambayoyinki ita ce: shin zaman unguwar nan yana da haɗarin da ya kai ku kwashe kaya? Na shafe shekaru ina aikin kare lafiyar jama'a a Landan, wani lokaci a ofishin ƙaramar hukuma inda ake haɗa irin rahoton da kika gani, wani lokaci tare da ma'aikatan da ke bin sawun cuta gida-gida. Alƙaluman gaskiya ne, ba wanda ya zauna ya ƙirƙire su. Amma abin da suke faɗa daban, abin da kunnenki ya ji daban. Kuma cikin cututtuka biyun da kika ambata, wadda ta hana ki barci ba ita ce ta fi kusa da 'ya'yanki ba.

Ta ina lambar take fitowa

Ƙirga marasa lafiya tsohon aiki ne a birnin nan. Tun ƙarni na 17 ana buga jerin mamatan kowane mako a Landan, har wani ɗan kasuwa mai suna John Graunt ya tattara su a 1662 ya fara fitar da ma'ana daga cikinsu. A 1837 aka fara rajistar haihuwa da mutuwa a hukumance a Ingila. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta kashe mutum sama da 600, likita John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano mafi yawansu a famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, a titin Broad, aka cire hannun famfon. Shekara ɗaya bayan nan doka ta tilasta wa kowane yanki na Landan ya naɗa likitan da zai kula da lafiyar jama'arsa, kuma a 1889 aka wajabta wa likitocin birnin kai rahoton wasu cututtuka masu yaɗuwa. Tarin fuka na huhu ya shiga wannan jeri a 1912. Rahoton da kika karanta jikan waɗancan ne. Yau Landan tana da ƙananan hukumomi 32, ban da tsohon tsakiyar birni mai tsarinsa daban, kuma kowace tana da daraktan lafiyar jama'a wanda doka ta ɗora wa fitar da rahoto duk shekara.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 2010 ce. Ta lissafa cututtuka sama da 30, ciki har da tarin fuka, ƙyanda, sanƙarau, kwalara, taifot da zazzaɓin cizon sauro. Duk likitan da ya ga mara lafiya ya yi zargin ɗaya daga cikinsu, wajibi ne ya sanar cikin kwana 3, idan kuma mai gaggawa ce ya ɗaga waya cikin awa 24. Ki lura da kalmar zargi. Ba a ce ya jira sakamakon gwaji ba, domin kafin sakamako ya fito cutar ta riga ta yi nisa. Ɗakunan gwaje-gwaje su ma suna aika nasu rahoton ga hukumar kare lafiya ta ƙasa, UKHSA, a can ake haɗa biyun, a cire wanda aka ƙirga sau biyu, a cire wanda gwaji ya wanke. Sannan a jingina kowane mara lafiya ga adireshin gidansa. Mutumin da ke zaune a ƙaramar hukumarku amma aka gano ciwonsa a asibitin tsakiyar gari, a lissafinku zai fito.

Sauran alƙaluman kowanne da mashigarsa. Na mace-mace daga takardar shaidar mutuwa suke, su bi ta ofishin ƙididdiga na ƙasa. Na ciwon suga da hawan jini daga rajistar likitocin unguwa, waɗanda ake kira GP. Na ƙibar yara daga awon da ake yi musu a makaranta, sau ɗaya suna shekara 4 zuwa 5, sau ɗaya suna 10 zuwa 11. Wani lokaci ma babu mara lafiya ko ɗaya a gaban likita, ruwan masai ne ke ba da labari. A 2022 an yi ta ganin ƙwayar cutar shan inna a ruwan da ke kwarara zuwa matatar Beckton a gabashin Landan. Ba a samu yaro ko ɗaya da ya shanye ba, amma saboda wannan alama kaɗai aka gayyaci duk yaran Landan 'yan shekara 1 zuwa 9 su karɓi ƙarin allura. Wannan ya amsa miki wani ɓangare na tambayarki ta ƙarshe: ba don a ajiye ake rubutawa ba.

Yadda ake karanta ta

Abu na farko da nake koya wa duk sabon ma'aikaci shi ne kada ya taɓa karanta adadin marasa lafiya bai tambayi cikin mutum nawa ba. Bari in ba ki misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce wata ƙaramar hukuma tana da mutum 350,000, aka samu 140 da tarin fuka a shekara. Wata kuma tana da 150,000, aka samu 75. Da ganin farko za ki ce ta farkon ta fi muni. In aka raba, ta farko 40 ce cikin kowane 100,000, ta biyu 50. Kuma ita 40 ɗin, in kika sauko da ita ƙasa, tana nufin mutum ɗaya cikin 2,500 a tsawon shekara guda. Ki hasko babban filin wasa cike da jama'a, ki raba shi kashi-kashi, a kowane kashi na mutum 2,500 ki ware mutum ɗaya. Abin da ake kira adadi mai yawa a Landan ke nan.

Jan launin da ya tayar miki da hankali shi ma ba ƙararrawar haɗari ba ne. A irin waɗannan jadawalin, ja na nufin wurin ya fi matsakaicin Ingila muni, da tazarar da ta wuce a ce dace ne kawai. Gwadawa ce da sauran ƙasa. Ingila baki ɗaya tana ƙasa da 10 cikin 100,000 a tarin fuka, wato tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira masu ƙarancin cutar, ko da yake ta matso kusa da iyakar a 'yan shekarun nan. Ninkin ƙaramin adadi sau uku ko huɗu har yanzu bai zama babba ba. Idan daga Najeriya kuka zo, ƙiyasin hukumar ga ƙasar ya haura 200 cikin 100,000.

Akwai wani abu da ya fi wannan ruɗa mutane, har da 'yan jarida da kansiloli. Lambar da ke rahoto tana auna abu biyu a lokaci guda: yawan cutar, da kuma yawan neman da aka yi mata. Na taɓa zama a wani taro inda aka tsare mu da tambaya saboda adadin wata cuta ya tashi a yankinmu, alhali na maƙwabtanmu yana nan inda yake. Abin da ya faru shi ne a shekarar mun ƙara wuraren gwaji, mun shiga wuraren da a da ba ma zuwa, sai muka gano mutanen da dama suna ɗauke da ciwon ba su sani ba. Maƙwabtan ba su fi mu lafiya ba, ba su nema ba ne. Shi ya sa idan na ga wuri mai talauci da cunkoso amma alƙalumansa tsaf-tsaf, gabana ya fi faɗuwa.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin sababbin kamu da waɗanda ke rayuwa da ciwo. Lambeth da Southwark a kudancin Landan suna cikin wuraren da suka fi yawan masu rayuwa da cutar HIV a Ingila. Ɗaya daga cikin dalilan da adadin masu rayuwa da ita ke daɗewa yana sama shi ne magani yana aiki, mutane suna tsufa da ita maimakon ta kashe su. Wanda bai san wannan ba zai karanta nasara a matsayin gazawa. Ciwon suga ma haka, duk likitan da ya dage wajen auna jinin mutanensa, rajistarsa za ta fi tsawo.

Sai matsalar matsakaici. Ƙaramar hukuma ɗaya a Landan tana iya ɗaukar mutum kusan 400,000, kamar Croydon ko Barnet. Cikinta akwai titin da gida ɗaya ke da ɗakuna shida da mutum uku, akwai titin da ɗaki ɗaya ke da mutum biyar. Ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea tana cikin wuraren da mutane suka fi tsawon rai a ƙasar, amma tsakanin arewacinta da kudancinta akwai tazarar shekaru masu yawa. Matsakaici yana haɗa su duka ya fitar da lambar da ba ta kama da kowa. In kuma aka sauko zuwa mazaɓa ɗaya, adadin yakan yi ƙanƙanta har ya riƙa tsalle: daga mutum 4 zuwa 8 ninki biyu ne a takarda, amma yana iya zama iyali ɗaya ne kawai. Don haka ake haɗa shekara uku-uku kafin a yanke hukunci. Shi kansa adadin jama'ar da ake raba lissafin da shi ƙiyasi ne. Ƙidayar ƙarshe an yi ta a watan Maris na 2021, ana tsakiyar korona, lokacin da ɗalibai da ma'aikata da yawa suka bar birnin.

Tarin fuka da mai tari a bas

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne tsoronki yake. Tarin fuka a iska yake yaɗuwa, wannan gaskiya ne, amma ba cuta ce mai saurin kamu ba. Yawanci sai an shafe awanni masu yawa a rufaffen ɗaki ɗaya da mai ciwon huhun da bai fara magani ba. Shi ya sa idan aka kawo mana rahoto, waɗanda muke fara nema su ne 'yan gida ɗaya, abokan ɗaki, sannan abokan aiki ko 'yan aji ɗaya. Zaman minti ashirin a bas kusa da mai tari haɗarinsa ƙanƙani ne ƙwarai, kuma mafi yawan tarin da kike ji mura ce, ko asma, ko sigari. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na waɗanda ke cikin lissafin, ciwon ba a huhu ya kama su ba. A kaluluwar wuya ne, ko ƙashin baya, ko ciki, kuma irin wannan ba ya yaɗuwa.

To me ya sa wasu ƙananan hukumomi irin su Newham da Brent suka daɗe a saman jadawali? Ƙwayar cutar tana iya shiga jikin mutum ta kwanta shiru shekara da shekaru, ba ya jin komai, ba ya shafa wa kowa. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita a haka. Cikin masu ɗauke da ita, 5 zuwa 10 cikin 100 ne take farkawa a jikinsu tsawon rayuwa, sau da yawa idan garkuwar jiki ta yi rauni, ko ta ciwon suga, ko HIV, ko rashin abinci mai kyau, ko wasu magunguna. Kusan 8 cikin 10 na masu tarin fuka a Ingila an haife su ne a wata ƙasa, kuma da yawansu ƙwayar da suka kwasa tun suna yara ce ta farka bayan shekaru. Saboda haka yawan adadin a yankinku yana ba da labarin inda mazaunansa suka taso da irin gidajen da suke ciki, fiye da labarin abin da ke yawo a titi. Cikin haifaffun ƙasar kuwa, ciwon ya fi kama marasa matsuguni, da waɗanda suka yi zaman kurkuku, da masu fama da shaye-shaye.

Ina faɗin wannan da taka-tsantsan, domin na ga yadda ake ɗaukar wannan lamba a mayar da ita sandar dukan baƙi. Hakan zalunci ne, kuma yana ɓata mana aiki. Ba zan manta da wani gida da muka shiga da wata ma'aikaciyar jinya ba. Maza shida ne a ɗakuna biyu, katifu a ƙasa, masu aikin dare suna kwana a inda masu aikin rana suka tashi. An liƙe gefen tagogi da salatif saboda sanyi, bango ya yi baƙi da funfuna a bayan labule. Mara lafiyan ya yi wata huɗu yana tari. A kan taga na ƙirga kwalaben maganin tari da ya saya ya shanye, ya rame har wandonsa sai da ɗauri. Da muka tambaye shi me ya hana shi zuwa asibiti, ya ce tsoro yake kada a ce takardunsa, kada kuma a kore shi daga aiki. Bai san gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne ga kowa a ƙasar nan ba, ko yaya matsayin takardunsa yake. Cikin abokan zamansa mun samu waɗanda suka riga suka kwasa. Da ya zo a wata na farko, da wuya abin ya kai haka. A rahoton shekara, wannan gida duka 'yan lambobi ne a layi ɗaya.

Shi ya warke. Maganin wata 6 ne ga mafi yawan mutane, ƙwayoyi iri huɗu a wata biyun farko, iri biyu a sauran huɗun, kuma bayan kamar mako biyu da fara sha yawanci mutum ya daina shafa wa wasu. Wahalar ita ce jimirin sha har ƙarshe bayan jiki ya yi sauƙi, domin yanke magani a tsakiya shi ke haifar da irin da ba ya jin magani. A ƙasa baki ɗaya adadin ya kai ƙololuwa a 2011 da mutum sama da 8,000 a Ingila, ya ragu zuwa kusan rabi cikin shekara goma, sannan ya fara hawa kuma a 2023 da 2024. Wannan hawan yana damun mu, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da ya shafe ku kai tsaye biyu ne. Yara ƙanana in sun kamu, ciwon yana iya hawa musu kai, kuma allurar BCG tana kare su daga wannan mugun nau'in. Ana yi wa jariran da iyayensu ko kakanninsu suka fito daga ƙasa mai yawan cutar, da waɗanda ke zaune a yankin da adadin ya kai 40 cikin 100,000. Ki duba hannun hagun kowane yaro ta sama ko akwai tabo, ki duba katinsa. Na biyu ku manya. Hoton ƙirjin da aka yi muku kafin biza yana neman ciwon da ya riga ya tashi ne a huhu, ba ya ganin wanda ke kwance. A yankuna irin naku akwai gwajin jini kyauta ga 'yan shekara 16 zuwa 35 da suka shigo cikin shekara 5 daga ƙasashe masu yawan cutar, har da duk ƙasashen Afirka kudu da Sahara. In kun shiga wannan rukuni ku tambayi likitan unguwa. In an ga ƙwayar, maganin wata 3 zuwa 6 yana kashe ta tun ba ta farka ba.

Ƙyanda ce ta fi ba ni tsoro

Layin da kika ambata a gurguje, na allurar ƙyanda, shi ne ni zan ja wa layi. Ƙyanda kishiyar tarin fuka ce wajen saurin kamu. Mutum ɗaya yana iya shafa wa 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba su da kariya, kuma ƙwayar tana iya tsayawa a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Ita ce ake kwasa a bas, a ɗakin jiran likita, a makarantar renon da kike nema wa autanki. Sai an yi wa 95 cikin 100 na yara allura biyu kafin ta rasa hanyar bi, kuma Landan ita ce mafi ƙarancin allurar a duk Ingila, wasu ƙananan hukumomi irin su Hackney sun yi ƙasa sosai. A 2024 an tabbatar da kusan mutum 3,000 sun kamu a Ingila, mafi yawa yara, adadin da ba a ga irinsa ba tun 2012.

Na sha karɓar irin wannan waya da yammacin Juma'a: yaro ya zo da zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, ya zauna a ɗakin jira kafin a gane. Daga nan sai tsere da agogo. A nemo sunan duk wanda ya zauna a ɗakin, a ware jarirai da masu juna biyu da masu raunin garkuwa, domin allura tana iya tare cutar in an yi ta cikin awa 72, su kuma masu rauni akwai wata kariyar da ake ba su cikin kwana 6. Jaririn da bai kai lokacin allura ba, kariyarsa ita ce yaran da ke kewaye da shi.

Wani ɓangare na ƙarancin da kika gani a takarda ne kawai yake. Jama'ar Landan ba sa zama wuri ɗaya, yaro yakan tashi sunansa ya rage a rajista, wani kuma an yi masa allura a ƙasarsu amma ba a shigar ba. In kina da katin rigakafin yaran na gida, ki kai wa ma'aikaciyar jinya a wurin likitan unguwa ta shigar a kwamfuta da jan littafin lafiyar yaro da ake amfani da shi a nan. A wasu ƙasashe allurar ƙyanda kaɗai ake yi tun yaro yana wata 9, wadda ba ta maye gurbin allura biyun da ake yi a nan, don haka kada ki yi mamaki in ta ce za a ƙara. Babu illa a ƙarin, kuma ba a makara ko yaro ya girma. In abin da ke sa ki ɗari-ɗari sinadarin alade ne, akwai nau'in allurar da babu shi a ciki, ki nema za a ba ki.

Abin da ƙaramar hukuma take yi, da wanda ba nata ba

Mutane da yawa suna kai kuka inda ba nan ne gidan ba. Asibitoci da likitocin unguwa da asibitin tarin fuka na hukumar NHS ne, wato hukumar kula da marasa lafiya ta gwamnati. Bin sawun annoba aikin UKHSA ne. Ƙaramar hukuma tun watan Afrilun 2013 aka mayar mata da aikin hana cuta tun ba ta zo ba. Ita ke biyan ma'aikatan da ke ziyartar mai jego da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da nas-nas na makarantu, da wuraren gwajin cututtukan saduwa, da taimakon masu son barin sigari ko shaye-shaye, da binciken lafiyar da ake gayyatar 'yan shekara 40 zuwa 74 duk shekara 5. Ita ce kuma mai duba-gari: su ke shiga gidajen abinci su ba da makin tsafta daga 0 zuwa 5, su ke da ikon shiga gidan haya su tilasta wa mai gida gyara danshi da funfuna ko rage cunkoso. Alƙaluman su ke nuna inda za a kai motar ɗaukar hoton ƙirji, da makarantar da za a buɗe wa ranar allura, da unguwar da ke buƙatar mai fassara.

Shin abin ya wadatar? A ganina bai wadatar ba. Kuɗin da gwamnati ke ba ƙananan hukumomi don wannan aiki ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan kowane mutum tun daga 2015, in aka yi la'akari da tsadar kaya. Na ga ma'aikaciyar ziyara ɗaya tana riƙe da iyalan da a da mutum biyu ke riƙewa. Kuma manyan abubuwan da ke haifar da ciwo, wato gida da albashi da iska, sun fi ƙarfin ofishin lafiya. Ella Adoo-Kissi-Debrah yarinya ce 'yar shekara 9 da ta rasu da asma a 2013, gidansu yana kusa da wata babbar hanya a Lewisham. Sai a 2020 kotun binciken mutuwa ta yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya yi ajalinta, karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwa a ƙasar. Shekara bakwai mahaifiyarta tana fafutuka kafin lamba ta faɗi abin da ita ta daɗe da zargi.

Batun tashi

A kan waɗannan alƙaluma kaɗai, ba zan ba ki shawarar tashi ba. In akwai ƙwayar tarin fuka a kwance a jikin wani cikinku, za ta bi ku duk inda kuka koma, kuma mai yiwuwa ku sauka a wurin da likitoci ba su saba ganinta ba, su daɗe ba su yi zarginta ba. A yanki irin naku ma'aikata sun san ta, gwajin yana kusa. Ƙyanda kuwa ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba, jirgin ƙasa ɗaya kowa ke hawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, musamman in tashin zai jefa ku gidan da ya fi wannan ƙunci saboda tsadar haya.

Abin da rahoton ƙaramar hukuma ba zai iya gaya mana ba shi ne halin gidanku, kuma amsa daga nesa ba ta maye gurbin likitan da zai sa abin awo a ƙirjin yaro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In wani a gidan ya yi tari sama da mako uku, ko yana gumin dare har ya jiƙa riga, ko yana rama ba dalili, ko ya ga jini a kaki, ya je wurin likitan unguwa ya ambaci tarin fuka da bakinsa, ya faɗi ƙasar da ya taso. In ba ku yi rajista da likita ba, ku yi, ba a buƙatar fasfo ko shaidar adireshi. In yaro ya yi zazzaɓi da ƙuraje, ki kira likitan ko lamba 111 ta neman shawarar lafiya tukuna kafin ki kai shi, don a shirya masa ɗaki daban. In kuma bangonku yana jiƙewa ko ya yi baƙi, ki ɗauki hoto da wayarki, ki rubuta wa mai gida ki ajiye kwafi da kwanan wata. Bai gyara ba, ki tura hotunan da kwafin zuwa sashen duba-gari na majalisar ƙaramar hukumarku, a shafin nan da kika samu rahoton, ki nemi a zo a duba gidan.